Yadda Muka Kai Bappa Garwa Koyon Hannun Dama

Ƙarfe shida da minti ashirin na safiyar Talata abubuwa suka fara lalacewa. Na san lokacin daidai, don agogona nake kallo sa'ad da tayar gaba ta keken Bappa ta nutse cikin kwandon tumatir na wata baiwar Allah. Na rubuta lokacin a littafina daga baya.

Tun da aka dawo hutu kuka hana ni sakat. Rifkatu ta tambaye ni a ɗakin kwana, ta tambaye ni a layin abinci, har a aji ta turo mini 'yar takarda: "Yaya ƙasar Faransa?" Kun san ni da magana a gaban jama'a. In mutum uku suka zuba mini ido, sunana ma sai na lalubo shi. To ga shi nan a rubuce. Wadda ta gama ta miƙa wa ta kusa da ita, kuma kada a taɓa mini shi da hannun miya.

Garwa muka je, can ƙetaren iyaka, ƙasar da a wajenmu ake ce wa Faransa, kuma ba yawon shaƙatawa muka je ba. Bappa Bobbo ƙanen mahaifina ne, masinja a wani ofishi a Jimeta. Kullum da safe yana hawa keke daga gidanmu a cikin garin Yola, ya wuni yana kai takardu, ya dawo da yamma. Keken ya girme ni. Tun kafin a sami mulkin kai yake hawansa. Saura shekara biyu Bappa ya yi fansho, kuma a ofishinsu masinjan da ba shi da keke, gida ake ce masa ya tafi ya huta.

Sai ga rediyo ya fara shelar cewa za a sauya hannu, motoci su bar hagu su koma dama. Aka liƙa takardu a bakin kasuwa, an zana mota baƙa tana murmushi tana komawa dama. Na tsaya na karanta takardar sau biyu. Mota ce a sama, mota a ƙasa. Babu keke, babu mai ƙafa. Da alama a duk Jihar Arewa maso Gabas kowa ya yi mota, mu ne kawai labari bai iso wa ba.

Goggo Dudu, yayar su Bappa, ita ke riƙe da gidanmu. Ita ta fara gane inda haɗarin yake. Shekara ashirin da wani abu, duk lokacin da aka yi wa Bappa hon a baya, sai hannunsa ya karkata hagu ba tare da ya shawarce shi ba. Ko a tsakar gida jaki ya yi kuka, hagu Bappa ke kaucewa. In aka sauya hannu kuwa, hagun nan ita ce tsakiyar titi.

"Ba zan zauna in jira a kawo mini kai a cikin tabarma ba," in ji Goggo. "Mutanen Garwa tun suna cikin zanen goyo dama suke bi. Ka tafi wurin mijin Asta ya koya maka."

"Adda, ni za a koya wa keke?"

"Kai fa. Ko akwai wani Bobbo a gidan nan?" Sai ta juyo kaina. "Ke kuma Dija, tun da an ce kina karanta Faransanci, ki bi shi. Amsa ɗaya nake so. In an juya hanyar nan, ina ne wurin mai keke, ina ne wurin mai ƙafa, inda mota ba za ta taɓa su ba? In kin dawo babu amsa, keken nan zai hau rufin zaure, ya zauna tare da ƙwaryar da ta fashe."

Bappa ya yi dariya. Ni ban yi ba, don ban taɓa ganin abin da Goggo ta rataye a rufin zaure ya sauko ba.

To mu koma ƙarfe shida da minti ashirin. Ina zaune a kariyar keke, ƙunshin kayanmu a cinyata, mun bar Yola ke nan mun hau hanyar Jimeta. Matan Njuwa na tafe a jere a gefen kwalta, kowacce da kwandon kayan miya a ka, sun nufi kasuwa. Wata tifa ta taho a bayanmu ta danna hon. Bappa ya yi abin da ya saba. Matan suka watse cikin ciyawa, ɗaya ta yar da kwando, mu muka sauka a cikinsa.

Matar ta dubi tumatirinta, ta dubi Bappa.

"Malam, mun bar maka kwalta, ciyawar ma sai ka biyo mu?"

"Ki yi haƙuri, Inna. Mota ce ta kore ni."

"Mota ta kore ka, kai ka kore mu. Mu kuma wa za mu kora? Kaji?"

Bappa ya saye duk wanda ya fashe. Haka muka ci gaba da tafiya ƙasar waje da rabin kwandon tumatir yana ɗiga a kan siket ɗina.

A mararrabar Jimeta akwai ɗan sandan nan mai ba da hannu, tsaye a kan ganga da fararen hannayen riga. Na ce wannan shi ne malamin hanya, shi ya kamata a fara tambaya. Na shirya maganar, na buɗe baki, ya dube ni, shi ke nan ta gudu. Bappa ne ya tambaya a madadina.

"Ni mota aka ce in koya wa," in ji ɗan sandan. "Ku dai ku riƙa kaucewa."

"Mu kauce ina, ranka ya daɗe?"

"Ka fara da kaucewa daga nan. Ka tare mini hanya."

Na rubuta wannan a matsayin amsa ta farko, na ja layi a ƙarƙashinta.

A bakin kogi na ga yadda aka jera halitta bisa daraja. Jirgin fito na tsaye, mu mun riga kowa zuwa. Aka fara shigar da motoci. Sannan shanu. Sannan buhunan gishiri. Da aka ga akwai ɗan sarari tsakanin wutsiyar wani sa da tayar wata gingimari, sai aka ce masu keke da masu ƙafa su shigo, kuma su yi sauri suna ɓata wa mutane lokaci. Na haye Binuwai ina kallon bayan sa, ina roƙon Allah ya sa bai ci ɗanyar ciyawa da safe ba. An amsa rabin addu'ar.

A Vinikilang muka sami motar da ke zuwa Garwa, ta wani direba mai suna Buba. Ƙato ne, kuma kowa "kai" ne a bakinsa, mace ko namiji ko akuya. Ya ɗaga keken Bappa da hannu ɗaya ya wurga saman kaya. Bappa ya yi ƙara kamar shi aka wurga.

"Ina za ka da wannan tsohon ƙarfe? Babu keke a Garwa?"

Bappa ya yi masa bayani cikin natsuwa. Buba ya yi dariya har ya riƙe ƙofar mota, ya kira mai shayi ya maimaita masa, mai shayi ya maimaita wa masu shan shayi. Kafin mu tashi, duk Vinikilang ta san an kai wani tsoho makarantar keke a Faransa. Wani ma ya ce a gaishe masa da hedimasta.

Aka ba ni wuri a gaba saboda an ga ina riƙe da littafi, an ɗauka ko 'yar wani ce. Daga nan na ga hanya yadda direba ke ganinta, kuma ba zan ɓoye muku ba, daga sama mutane ƙanana ne ƙwarai. Duk wanda ya bayyana a gaba, mai keke ne, mai jaki ne, tsohuwa ce da itace a ka, Buba ba ya rage gudu. Hon yake dannawa ya leƙo da kai ya yi ihu, "Komot! Kai, komot!" Wato a kauce. Su kuma su yi tsalle. In sun yi tsallen da kyau har yabonsu yake yi. Wani mai keke da ya faɗa cikin ƙaya da buhun gero ya sami "Da kyau, ɗan gari!"

Muka isa kan iyaka ƙarfe ɗaya da kwata. A ɓangarenmu ɗan kwastan ya duba lasin keke, ya leƙa kwandon tumatir, ya rufe da sauri ya ce mu wuce. A ɗaya ɓangaren kuwa jandarma ne, wato ɗan sandansu, siriri, da gajeren wando da hula mai tsayi. Ya sa aka sauko da keken. Ya matsa birki, ya kaɗa ƙararrawa, ya juya taya yana saurare kamar likita. A rayuwar keken nan ban taɓa ganin mai kaki ya damu da lafiyarsa ba, har Bappa ya fara jin daɗi. Sai jandarman ya ce babu fitila, keke ba zai shiga ba.

Nan ne aikina ya zo. Kwana uku ina haddace jimla guda ta Faransanci don irin wannan wuri. Na sunkuyar da kai, na karanto ta daga farko har ƙarshe, ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Jandarman ya saurara, ya juya wurin Bappa, ya tambaye shi da Fulatanci: "Me yarinyar nan ke so?"

Ashe ɗan Garwa ne, kakarsa ma 'yar Girei. Da ya ji abin da ya kawo mu, shi bai yi dariya ba. Ya cire hula ya ce ai wannan tunanin masu hankali ne, da ma duk 'yan Najeriya za a turo su kashi-kashi. Ya yafe fitilar bisa sharaɗin kada rana ta faɗi Bappa na kan keke. Tun da Fulatanci muke yi, na samu na yi masa tambayar Goggo da kaina. Ya ce a ƙasarsu komai a rubuce yake, akwai doka mai lamba a kan mai keke da mai ƙafa. Na ce ina zan ga dokar? Ya ce tana Yawunde.

Tsakanin sandar iyakarmu da tasu akwai 'yar tafiya. Na zuba ido in ga daidai inda Buba zai bar hagu ya koma dama, don in rubuta. Muka wuce sandar farko, muka wuce ta biyu, muka yi nisa. Ban ga komai ba. Daga ƙarshe na daure na tambaya.

"Wane hannu?" in ji Buba. "Kai, shekara tara ina bin hanyar nan ban taɓa sauya komai ba. Babbar mota hannunta tsakiya. Ƙanana su ke da hagu da dama."

Mun shiga Garwa kafin magariba. Yapendo Asta, ƙanwar mahaifiyata, ta rungume ni ta ce na rame, ta ce karatu ne, ta ce kuma siket ɗina na warin miya. Tumatirin ta karɓa a matsayin tsaraba, ta yi godiya irin wadda ake yi wa wanda ya kawo maka aiki. Aka sauke ni a ɗakin da mijinta ke ajiye kayan sana'arsa, na yi kwana biyar tsakanin tayoyi da sarƙoƙi. In na juya a kan tabarma sai wata ƙararrawa ta amsa.

Abinci kam ba ni da ƙorafi. Kifin Binuwai ne dai irin namu, kogin ɗaya ne, sai dai su suna ganin nasu ya fi wayewa don ya riga namu wucewa ta Faransa. Miyar yakuwarsu ta fi tamu tsami. Abin da ya ba ni mamaki burodi ne. Dogo ne kamar sandar makiyayi, kuma ba a naɗe shi; mutum zai saƙala shi a hammata, ya hau keke cikin rana, ya kawo gida a yanka wa baƙo. Da safe a ba ka shi da gahawa mai madara a kwano. Bappa ya ciza sau ɗaya, ya taɓa haƙorinsa, daga ranar ya koma jiƙawa.

Da rana ta take kuma sai garin ya mutu. Kanti ya rufe, ofishi ya rufe, jandarma ya tafi gida ya kwanta. Wannan ne kaɗai lokacin da na ga mai ƙafa yana tafiya a Garwa ba ya waige.

Mijin Yapendo, Malam Umaru, mai gyaran keke ne a bakin kasuwa, ɗan gajere mai yawan magana. Ya ɗauki aikin koyar da Bappa da muhimmanci fiye da yadda kowa ya roƙe shi. Ya ɗaura jan ƙyalle a hannun keke na dama. Ya samo hon na roba irin na tsohuwar mota. Bappa na gaba a kan keke, shi yana biye a kan nasa, sai ya bari Bappa ya sake jiki, ya matsa hon a bayan kunnensa.

"Hannun tuwo, Bobbo! Hannun tuwo! Da hagu kake ci a gidanku?"

Ranar farko Bappa ya yi hagu sau goma sha ɗaya. Ina zaune a gindin dalbejiya ina ja masa layi a littafi. Ya shiga rumfar mai aski, ya shiga garken tumaki, ya kusa shiga masallaci da keke. Masu shaguna suka fito da kujeru. Akwai 'yan ƙananan babura da suke kira mobilet, sun cika garin kamar sauro, masu su suka riƙa tsayawa suna ba da tasu shawarar. Rana ta biyu sau shida. A shataletale ne aka sha wuya, don su ta ɗaya gefen suke zagayawa, kuma wanda ke shigowa daga dama shi ke da hanya, na ciki ya jira. Bappa ya shiga ya kasa fita. Na ƙirga zagaye bakwai kafin Malam Umaru ya shiga ya fito da shi kamar mai ciro guga daga rijiya.

Amma ba Bappa kaɗai ake gwadawa ba, ni ma da nawa aikin. A unguwar ofisoshi na ga abin da ya faranta mini rai: dakali mai tsawo a gefen titi, an ɗaga shi sama da kwalta, an shuka itatuwa suna yi masa inuwa, an yi shi musamman don masu tafiya da ƙafa. Na hau na yi tafiya a kai kamar matar gwamna. Na auna faɗinsa da takuna, na zana shi a littafi don in nuna wa Goggo. Na bi shi in ga inda ya kai. Ya kai daidai inda gidajen manya suka ƙare. Daga nan zuwa kasuwa, inda duk masu ƙafar garin suke, babu ko tubali ɗaya. Wanda ke akwai ɗin ma, rabinsa wata mota ce ta hau ta fake a inuwa.

Na kuma ga fararen layuka da aka shafa a kan titi, aka ce in mutum ya taka su dole mota ta tsaya. Na tsaya a bakinsu minti goma sha biyu ina tara ƙarfin hali. Na taka. Wata farar mota ta taho, ta rage gudu, ta tsaya cak a gabana. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Na haye a hankali, na juyo in yi godiya, sai na ga direban ya fito ya buɗe gaban motar, hayaƙi na tashi. Ya ce mini, tun da ina tsaye ba abin da nake yi, in zo in taya shi turawa.

Rana ta huɗu Bappa bai yi hagu ko sau ɗaya ba. Malam Umaru ya gwada shi da hon, ya gwada shi da ihu, ya sa Yapendo ta yar da faranti a bayansa yana alwala. Dama. Aka yanka kaza. Muna ci na yi wa Malam Umaru tambayar Goggo, don shi ne ya fi kowa sanin keke a duk wanda na gani. Sai ya naɗe ƙafar wandonsa. Wani tabo ne tun daga gwiwa har idon sawu.

"Bingel, yarinyata, wannan a hannun dama na same shi. Ina kan hannuna, da fitilata, da lasina."

Na rubuta, amma ban ja layi ba.

Muka juyo ranar Lahadi da motar Buba. Keke na sama, Bappa na ta ba fasinjoji labarin shataletale kamar shi ya gina ta. A shafin ƙarshe na littafina na rubuta da manyan baƙaƙe: "A tuna wa Bappa cewa a gida ba a sauya ba tukuna." Saura mako guda cif. Duk gidanmu, da Goggo da wayonta, da Malam Umaru da honsa, babu wanda ya yi wannan lissafin. An gyara mutum tsaf don hanyar da ba a buɗe ba.

Na yi niyyar faɗa masa a mota, mutane sun yi yawa. Na yi niyya a jirgin fito, yana hira da wani alhaji, ba a katse manya. Muka sauka a Jimeta, na hau kariya, ya taka feda. Muna shiga Limawa na ga jan ƙyallen nan yana kaɗawa a gefen da bai kamata ba, na ga masu keke na zuwa suna kauce mana suna zagi.

Na ce, "Bappa." Ni kaina da ƙyar na ji.

"Kin ga jahilci ko?" in ji shi. "Duk ba su iya ba."

"Bappa, ai nan..."

Ƙarfe huɗu da minti biyar. Gingimari ce cike da buhunan gyaɗa ta taho ta gabanmu, tana kan hannunta, mu ma muna kan hannunta. Direban ya danna hon. A nan dole in yaba wa Malam Umaru, aikinsa ya yi kyau: Bappa bai yi wata-wata ba ya karya dama, muka bar titin gaba ɗaya muka faɗa lambatu. Motar ta wuce, iskarta ta ɗauke mini ɗankwali. Ba ta tsaya ba. Me zai tsayar da ita, ba ta taka kowa ba.

Ni gwiwa kawai na goge. Bappa yana kwance, keke a kansa, hannunsa na hagu ya lanƙwashe ta inda ba gaɓa. Mutanen Limawa suka taru suna salati. Ya buɗe ido ya neme ni.

"Dija, kin gani? Dama na yi."

Mai ɗori ya ce wuyan hannu ne, sai ya yi mako shida. Goggo ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi ba mu tsoro ke nan. Ta karɓi littafina ta sa na karanta mata amsoshin ɗaya bayan ɗaya: na ɗan sanda, na jandarma, na Buba, na Malam Umaru. Na nuna mata zanen dakali. Ta ce, "Wannan a Garwa yake, ko a hanyar Jimeta?" Sannan ta sa aka kawo igiya. Har yanzu da nake rubutun nan keken na rataye a rufin zaure, jan ƙyallen na lilo.

Ranar sauya hannu ta zo ta wuce. Na fita bakin titi na kalla. Kwana biyu motoci na tafiya a hankali kamar masu rakiyar gawa, kowa na gaida kowa. Rana ta uku suka gane hannunsu, gudu ya dawo. Matan Njuwa suna nan cikin ciyawa, sai dai yanzu ba su san ta wace kafaɗa za su waiga ba.

Daga ofishin su Bappa aka aiko cewa za a jira shi har hannu ya warke, amma ya dawo da kekensa, don ba a ɗauki masinja ya riƙa kai takarda da ƙafa ba. Bappa ya daina cin abinci sosai. In ya bi ta zaure ba ya ɗaga kai. Na sami Goggo na ce ni ce ban yi magana da ƙarfi ba, laifina ne, ba na keke ba.

"Na sani," in ji ta. "Ba laifi nake nema ba. Wuri nake nema. Ki kawo mini wanda ya yi hanyar ya ce ga inda ɗan'uwana zai bi, in sauko da shi yau."

Saboda haka a makon ƙarshe na hutu na tafi Jimeta da ƙafa, cikin ayarin matan Njuwa, na nemi ofishin da aka ce su ke da hanya. Ranar farko aka ce mai zane ya fita duba aiki. Rana ta biyu aka ce yana ciki amma yana da baƙi. Rana ta uku na zauna a benci tun ƙarfe takwas, na ƙi tashi, har ƙarfe ɗaya saura minti goma aka gaji da ganina aka ce in shiga.

Mutumin kirki ne, ba zan yi masa ƙarya ba. Mai furfura, da tabarau, da fensir a bayan kunne. Ya ba ni kujera. Wannan karon ban sunkuyar da kai ba, na faɗi komai da murya har akawun da ke waje ya leƙo: Bappa, da fansho, da hannu, da igiyar Goggo. Ya saurara har ƙarshe. Ya jawo wata doguwar takarda ya shimfiɗa a tebur, ya danne gefenta da kofin shayi. Hanyar Yola zuwa Jimeta ce, an zana ta tsaf, har da itatuwa.

"Nan," ya nuna da fensir, "na mota mai zuwa Yola. Nan kuma na mota mai dawowa."

"Na keke fa, ranka ya daɗe? Da na masu ƙafa?"

Ya gyara tabarau ya bi takardar da ido daga sama har ƙasa, da gaske yake nema. Ni ma ina nema. Sai na hango wani siririn layi yana bin gefen hanyar, dama da hagu, tun daga Yola har Jimeta bai yanke ba. Na ɗora yatsa a kai.

"Wannan fa? Ba shi ba ne?"

Ya sunkuya ya duba. Fuskarsa ta washe, kamar wanda ya sami abin da zai taimaki marainiya da shi.

"Wannan lambatu ne, 'yata, na ruwan sama. Amma ki ce wa Goggonki ta kwantar da hankalinta. Yanzu rani ne, babu kowa a ciki. Har damina ta faɗi, ba wanda zai hana shi bi."